Hannuna na dama da baƙar motar ƙuruciyata

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne, na daɗe ina wannan sana'a a jihar Ohio ta Amurka kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ni. Mutum biyu nake tunani da nake wannan rubutu: wanda ciwo ya raba shi da aikin hannunsa yana ganin tasa ta ƙare, da wanda begen wata motar ƙuruciya ke cinsa har yana shirin zuba kuɗinsa a kanta. Kowanne daga cikinsu na ɗanɗani halin da yake ciki.

Mu da muka taso a shekarun 1980, motoci muka fi riƙewa a shirye-shiryen talabijin na Amurka. Ba ma jin Turancin, amma muna jin kukan injin. Ga jar Ferrari 308 GTS ta Magnum, P.I. tana yawo a Hawaii, ga Dodge Charger ƙirar 1969 mai ruwan lemo ta The Dukes of Hazzard wadda ke tsallake rafi, daga baya ga farar Testarossa ta Miami Vice. Ni tawa ita ce baƙar motar Knight Rider, shirin da tashar NBC ta fara haskawa ranar 26 ga Satumba 1982, ya ci gaba har 1986. KITT ake ce mata. Tana magana, tana tuƙa kanta, harsashi ba ya huda ta, a hancinta kuma akwai fitila mai kai da komowa. Talabijin ɗinmu marar kala ce, saboda haka na daɗe ban san fitilar ja ce ba. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ke fassara mini abin da motar ke faɗa, sai da na girma na gane rabin fassarar daga kansa yake ƙirƙirowa don ya faranta mini. Shi ya ce mini, "Ƙanena, in kana son irin wannan mota, sai ka san abin da ke ƙarƙashin bonet." Mafarin shigata kanikanci ke nan.

Da na zo Amurka na shiga gareji, na san gaskiyar motocin nan ɗaya bayan ɗaya. KITT dai Pontiac Firebird Trans Am ce ƙirar 1982, shekarar farko ta zubi na uku na Firebird, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1992. Muryar ta ɗan wasa William Daniels ce. Tuƙa kan da take yi, direba ne ake ɓoyewa a bayan kujerar da aka yi wa dabara. Tsallen da ke sa mu ihu, tudu ne ake ɓoye wa kyamara, kuma motar da ta yi tsallen sau da yawa ba ta sake moruwa. Masu Charger har nauyi suke zubawa a but don kada injin ya rinjayi hancin motar a iska, duk da haka sun lalata ɗaruruwan motoci kafin a rufe shirin a 1985. Baƙar Ferrari Daytona da aka fara Miami Vice da ita bodin kwaikwayo ne a kan motar Chevrolet Corvette, sai a 1986 aka tarwatsa ta cikin labarin aka kawo Ferrari ta gaske. Injin Trans Am ɗin kansa V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 5, amma ƙarfinsa doki 145 ne a mai kafireta, 165 a mai feshin mai da suka kira Cross-Fire, domin dokokin hayaƙi na shekarun 1970 sun shaƙe injinan lokacin. Motar iyali ta yau mai silinda huɗu tana iya wuce ta a hanya. Duk wannan sani bai rage mini ƙaunarsu ba, in ban da guda ɗaya. Tutar da ke kan rufin Charger, wadda muna yara muka ɗauka ado ce, a nan na san tutar jihohin Kudu ce da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙar fata. Tun daga nan ban ƙara iya kallonta da idon da ba.

Ciwon ya same ni a bakin aiki, hawan jini ne sila. Sifana ta suɓuce daga hannuna na dama, na sunkuya in ɗauka, yatsu suka ƙi. Abokin aikina ya ga gefen bakina ya karkace, ya tambaye ni sunana, maganar ta fito a hargitse. Bai tsaya ba ni ruwa ko cewa in ɗan huta ba, nan take ya kira 911, lambar neman agajin gaggawa ta Amurka. Kowa ya riƙe waɗannan alamomi uku: karkacewar fuska, mutuwar hannu, hargitsewar magana. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Na same ta a kan lokaci, Alhamdulillahi. Ƙafata ta dawo da wuri, amma hannu da harshe suka yi nauyi, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin jiki na dama, kuma a mafi yawan mutane nan ne magana take.

Dokar Amurka ta ba ma'aikaci hutun jinya na mako 12 ba albashi tare da riƙe masa gurbinsa, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 50 ba, garejinmu kuwa ƙarami ne. Ban ga laifin kowa ba, motar jama'a ba ta jiran bakanike ya warke. Tallafin nakasa na gwamnatin tarayya kuma, ko an amince maka, akwai jiran wata biyar kafin ya fara fita. Uwargida ta ƙara awannin aikinta, ni ina zaune. Hannun da ke gane noti ta ɗauru ko ba ta ɗauru ba ko a cikin duhu, ya kasa sa maɓallin riga. In waya ta yi ƙara ba na ɗauka, don kunyar a ji yadda nake laluben kalma. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma ciwo ne da likita ke da maganinsa. Na ɗauka raunin imani ne ya kama ni, wannan tunani ya ƙara mini nauyi a kan nauyi. Sai da uwargida ta faɗa wa likita a gabana, aka fara duba wannan ɓangare ma.

A waɗannan watanni na koma kallon tsofaffin shirye-shiryen nan a intanet, dare bayan dare. Ina jin kiɗan buɗe shirin sai hawaye, domin Yaya nake gani a gefena. Akwai daɗi a ciki, ba zan musa ba, amma daɗi ne da ke barinka inda ya same ka. Gari na wayewa hannun yana nan yadda yake.

Ma'aikaciyar da ke koya wa hannuna aiki ita ta juya al'amarin. Ta ga ina matsa ƙwallon roba ba da zuciya ɗaya ba, ta tambaye ni aikin da hannun ya fi sani. Ta bayyana mini cewa ƙwaƙwalwa tana buɗe sabuwar hanya ne ta maimaita aiki sau da yawa, kuma ta fi saurin koyon aikin da mai shi ya damu da shi. Aka haɗa mini katako mai kusoshi da noti manya da ƙanana, ina ɗaurawa ina kwancewa. Ana cikin haka ɗana ya nuna mini talla a wayarsa, ya ce, "Baba, ga irin motarka." Trans Am ce ƙirar 1984, ta daɗe a ajiye cikin rumfa, ba ta tashi. Uwargida ta ce, "Maigida, da wane kuɗi, kuma da wane hannu?" Tambayar gaskiya ce. Muka yi yarjejeniya: ba bashi, kuɗin da zai shiga motar shi ne na na'urar binciken motocin zamani da na sayar, kuma ba zan shiga ƙarƙashinta ni kaɗai ba. Likita ya ƙara nasa: safar hannu kullum, saboda maganin tsinka jinin da nake sha yana sa ɗan yanka ya daɗe yana zuba.

Wanda zai sayi irin wannan mota, takarda zai fara dubawa kafin ya kalli fenti. Lambar shasi mai harafi 17 da ke gindin gilashin gaba dole ta yi daidai da ta takardar mallaka. A ƙirar 1982 zuwa 1984, harafi na biyar in W ne to Trans Am ce ta asali, na takwas in H ne injin lita 5 ne mai kafireta, na goma kuma shekara ce: C 1982, D 1983, E 1984. Na sha ɗaya yana nuna masana'anta, L Van Nuys ta Kalifoniya, N Norwood ta nan Ohio. Waɗannan shekaru uku su suka fi kusa da motar talabijin, domin bonet ɗinsu na da ƙullutun nan a gefen direba. Daga 1985 aka sauya bonet da gefunan bodi.

Bayan takarda sai tsatsa, kuma a nan ne mutane da yawa ke asara. Wannan mota ba ta da firam dabam da bodi, ƙasan motar shi ne ƙashin bayanta. Masu rufin gilashi biyu da ake cirewa sun fi shiga haɗari: robar gefen gilashin tana bushewa, ruwa ya sauka ƙarƙashin kafet, soson da ke ƙarƙashin kafet ya riƙe shi, ƙarfe ya ruɓe daga ciki. Daga waje kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana ci. Ka ɗaga kafet, ka duba mazaunin batir, da kan shokazoba na gaba, da ramin safaya, da gindin ƙofofi, da inda hannayen aksil na baya suka kama bodi. Ka soka sukundireba da ƙarfi, ƙarfe mai lafiya ba ya lotsawa. Ka bi gefen bodi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa ciko ne aka shafe. Rami a ƙasan ƙafar direba yana gyaruwa. Ruɓewa a mahaɗin aksil kuwa, ka bar motar komai arharta. Tamu ƙasan ƙafafu ne kawai ya huje.

Walda ta fi ƙarfin hannuna mai rawa, wani abokin sana'a ya yi mana. Nawa shi ne kankare tsatsa da burushin waya har sai farin ƙarfe ya fito, da yanka samfurin faci a kwali. Kafin a kunna walda ana cire kafet da soso, a kare bututun fetur da na birki da ke bi ta ƙasa, a cire kan batir da wayar kwamfutar injin. Ana ɗiga waldar ne nan da can ana barinta ta huce, domin in aka ja ta a miƙe zafi zai lanƙwasa falle. Daga nan a shafe gaɓar da abin toshe ruwa, a yi fenti ciki da waje. Mun ƙara ƙarafa biyu masu haɗa gaban motar da bayanta don kada bodi ya riƙa murɗewa, kuma waɗannan ana walda su ne nauyin motar yana kan tayoyinta. In aka yi tana rataye a kan jak, ranar da aka sauke ta ƙofa za ta ƙi rufuwa daidai.

Birki na biyo baya. Man birki yana shan ruwa daga iska, ya tsatsa bututu daga ciki, tiyon roba kuma yana kumbura ta ciki har ya riƙe birki a kame. Duka muka sauya, muka fitar da iska daga tayar da ta fi nisa: dama ta baya, hagu ta baya, dama ta gaba, hagu ta gaba. Taya ko zanenta na nan kamar sabuwa, ka duba lambobi huɗun ƙarshe a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In lambobi uku ka gani, ta girmi shekarar 2000, ba ta da wurin zama sai juji. Kuma kada rai ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan daɓe mai ƙarfi.

Injin da ya daɗe a kwance ba a fara shi da makulli. Mai ya tsiyaye daga ko'ina, ringi na iya mannewa da bangon silinda, fetur ɗin tanki ya zama danƙo. Ana cire filogi takwas, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu ta kusar gaban kiranshaf da soket mai inci 5/8. In ya cije kada a tilasta, kusar za ta karye a ciki. Namu ya juya. Muka zubar da tsohon mai, muka sa sabo kusan lita 4.7 har da filta. A nan a kula: kamshaf ɗin waɗannan injina irin na da ne mai gogayya kai tsaye, yana buƙatar mai mai sinadarin zinki da yawa, man zamani kuwa an rage masa shi don kare tukunyar tace hayaƙi. In babu shi ƙullutun kamshaf na cinyewa, injin ya fara ƙwanƙwasa yana tari ta kafireta. Sai a yi wa distirbuta alama a zare ta, a zura sandar juya famfon mai da injin huji, a yi ta juyawa har mai ya ɓullo a saman bawul. Mun auna matsin kowace silinda, abin da ake nema shi ne kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, in ka ɗiga mata mai ta ɗaga, ringi ne. In ba ta ɗaga ba, bawul ne ko gasket.

Mayar da filogi shi ne aikin da ya fi amfanar hannuna. Filogi da yatsu ake fara ɗaura shi, babban yatsa da manuni, domin in ka fara da sifana ba za ka ji ya hau zare a karkace ba sai ka lalata kan injin. Waɗannan yatsu biyu su ne suka mutu mini. Na ɗaura na kwance har ban san iyaka ba, gumi na zuba, ɗana na tsaye na hana shi karɓa. Mai koya mini magana kuma ta ce in riƙa faɗin abin da nake yi da ƙarfi. Abin mamaki, kalmomin yau da kullum suna ɓace mini, amma jerin wutar injin yana fita sumul: 1, 8, 4, 3, 6, 5, 7, 2. Ta ce abin da baki ya haddace a jere ya fi sauƙin fita, daga shi ake gina saura. Da shi na koya wa ɗana cewa silinda 1, 3, 5, 7 suna gefen direba, 2, 4, 6, 8 suna ɗaya gefen, distirbuta na juyawa irin juyin agogo, kuma 5 da 7 maƙwabta ne a wuri da a jeri, shi ya sa ake yawan musanya wayoyinsu, kuma ba a barin wayoyin biyu su kwanta a jikin juna don kada wuta ta tsallaka.

Tanki sai da aka sauke shi aka wanke, aiki mai cin rai, domin a wannan mota sai an kwance salansa an sassauta aksil na baya kafin ya fito. Duk tiyon fetur muka sauya, saboda fetur ɗin Amurka na yau yawanci yana da kashi 10 na ethanol, wanda ke cinye tsohuwar roba yana kuma jan ruwa. Kafiretar Rochester Quadrajet ce mai maƙogwaro huɗu, biyu ƙanana na tafiyar yau da kullum, biyu manya da ke buɗewa in an taka sosai. Mutane na zaginta suna cire ta, ni kuwa ina ganin rashin saninta ne. Ta waɗannan shekaru kwamfuta ke daidaita mata mai ta wani ɗan bawul na lantarki da ke bugawa sau goma a daƙiƙa. In ka murɗa makulli ba ka ji ƙas-ƙas ɗinsa ba, injin zai riƙa shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Abin da ke iyo a cikin kwanon mai yana tsufa ya jiƙe ya nutse, fetur ya yi ambaliya. Wajen kwance bututun shigar mai, sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe babbar noti, in ba haka ba zaren jikin kafiretar ya tafi. Kwamfutar kuma tana faɗin ciwonta: ka haɗa ramuka biyu na ƙarshe a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari da 'yar waya, fitilar injin ta ƙifta sau ɗaya, ta tsaya, ta ƙifta sau biyu, wato 12, alamar tana raye, sauran lambobi su biyo. Kada a cire abin daidaita zafin ruwa da sunan taimakon injin. Mai digiri 195 na Farenhait ake sawa, wajen 90 a ma'aunin Salshiyas, domin in injin bai yi zafi ba kwamfutar ba ta karɓar ragamar mai.

Ranar da ya tashi, ƙofar gareji a buɗe take, domin hayaƙin mota a rufaffen wuri yana kisa ba wari ba gargaɗi. Idona na kan agogon matsin mai, ƙa'idar makanikai ita ce aƙalla fam 10 ga kowane juyi 1,000 a minti. Allura ta ɗaga, shuɗin hayaƙi ya fita ya washe. Na yi zaton zan ji kamar yaron nan na gaban talabijin, ban ji haka ba. Yaya bai dawo ba, ƙuruciya ba ta dawo ba, abin da ke gabana tsohon injin ne yana kaɗawa a hankali. Amma filogin da ke ba shi wuta hannuna na dama ne ya ɗaura su, na zauna a kan bokiti na yi kuka na yi wa Allah godiya, na kuma yi wa Yaya addu'a.

Akwai wata waya guda da ta kashe giyabos da yawa a waɗannan motoci, ina roƙon duk mai irinta ya san ta. Giyar otomatik mai hawa huɗu, 700R4, da aka fara sa musu a 1983, tana da waya daga kafireta zuwa giyabos. Mutane na ɗaukarta wayar sauke giya ce kawai in an taka, alhali ita ke gaya wa giyabos yawan matsin man da zai damƙe faifan kuloci da shi. In ta yi sako-sako, matsi ya yi ƙasa, faifan giya ta uku da ta huɗu su yi ta zamewa har su ƙone cikin 'yar gajeriyar tafiya. Duk lokacin da aka taɓa kafireta sai an sake saita ta: a danna maɓallin jikinta, a tura hannun rigarta baya, a buɗe totur da hannu har ƙarshe, za ta ja kanta zuwa daidai. Giya na shiga da wuri da laushi, tsaya nan take. Tana jinkiri tana bugawa, wayar ta yi tsauri. Man giya ja ne, in ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri, aikin gama ya gama.

Sai bayan duk wannan muka zo kan kamannin KITT, kuma da gangan na bar shi ƙarshe. Na ga mutane da dama sun fara da hanci da fitilu, kuɗi ya ƙare, motar ta zauna a bayan gida ba birki. Hancin ana sayar da shi na zaren gilas, ba ya taɓa zama daidai daga kwali, sai an goge an cike an gwada, da takunkumi a fuska saboda ƙurarsa na cutar da huhu. Abin da ake mantawa shi ne wannan mota ta ƙasa take shaƙar iska. Akwai wata baƙar roba a ƙarƙashin lagireto mai karkato iska sama, in aka cire ta wajen sa sabon hanci, injin zai yi lafiya a cikin gari ya tafasa a babbar hanya. Baƙin fenti kuma ba ya rufa asiri, duk ɗan lotsawa sai ya nuna, saboda haka shafa da dogon katako mai sanfefa ya ɗauke mu lokaci, ya kuma buɗe mini kafaɗar da ta ƙage.

Fitilar hanci na sa mata fis nata da makunni dabam. Jar fitila mai kallon gaba ta motocin agaji da jami'an tsaro ce a dokokin jihohin Amurka, don haka ba ta kunnuwa sai motar na tsaye a wurin baje koli. Baƙin murfin fitilun baya na bar shi, yana dushe hasken birki. Allon gaban direba mai ɗaruruwan ƙananan fitilu ma na bar shi, na fi buƙatar ganin matsin mai da zafin ruwa na gaskiya. Wanda ya yi mini ciwo shi ne sitiyarin. Na talabijin ba zagayayye ba ne, irin na jirgin sama ne, kuma shi na fi sha'awa tun ina yaro. Amma kafin in koma tuƙi sai da likita ya amince, ƙwararre ya gwada ni a hanya, ya ce sai da ƙulli a jikin sitiyari wanda hannun hagu zai riƙa juyawa da shi. Ƙullin nan ba ya aiki sai a zagayayyen sitiyari. Na daɗe ina juya maganar a raina, daga ƙarshe na bar na asalin.

Yanzu motar na tafiya. Lambar motocin tarihi gare ta, wadda Ohio ke ba motar da ta haura shekara 25 bisa sharaɗin ba ta zirga-zirgar yau da kullum ba ce, kuma hakan ya dace da ita, tunda ba ta da jakar iska ko birkin zamani mai hana zamewa. Ba ta taka titi lokacin gishiri. An daina ƙera Firebird a 2002, sunan Pontiac kansa ya rufe a 2010, amma kayan injin ba sa wuya domin injin Chevrolet ne, kuma kayan ƙasa da yawa ɗaya suke da na motar Chevrolet Camaro. Gilashin rufi da robobin ciki su ne sai an tona. A wurin baje koli nakan haɗu da masu furfura irina daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da wanda ya kalli shirin tare da shi, wasu a cikinsu ma sun yi jinya irin tawa, mukan daɗe muna magana.

Hannun bai dawo duka ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa in sanyi ya yi, magana na sarƙe mini in na gaji, kuma ban koma cikakken kanikanci ba. Ina aiki a kantin kayan mota, ina koya wa matasa abin da na sani, ina auna jinina safe da yamma ina shan magani a kan lokaci. Abin da ya rage a motar shi ne na'urar sanyaya ciki. Tata ta tsohon gas ce, R12, wanda aka daina ƙerawa saboda illarsa ga sararin sama. Mayar da ita kan gas ɗin da ya maye gurbinsa, R134a, na buƙatar a wanke bututu, a sauya man kwamfireso da tulun tsotse danshi da duk zoben roba, a zuƙe iska, sannan a cika da kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyin tsohon gas. Kowace mahaɗa a nan ta alminiyam ce, sai sifana biyu a lokaci guda, hannu ɗaya na riƙewa ɗaya na juyawa da ƙarfi daidai, in ba haka ba bututu ya murɗe. Na nuna wa mai koya wa hannuna aiki yadda ake yi, ta rubuta shi a matsayin abin da za mu sa a gaba kafin bazara.